Jirgin da Aka Manne da Nono

A benen da na tashi a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, hawa na sha huɗu, doka ce ba a hura wuta. Kakata Hajiya Yalwa, mahaifiyar Baba, ta ce ba da ita aka yi wannan doka ba. Ta zo daga Najeriya ne da Umma ta haifi ƙanena, lokacin Baba yana fama da digirinsa na uku. Ba ta yi sati biyu ba ta sa aka sayo mata ɗan kaskon gawayi irin na masu gasa satay, tsiren mutanen can. Da an idar da magariba sai ta kafa shi a baranda, ta ɗora masara, ni da yayana mu kewaye ta. Tana mana tatsuniya da Hausa, muna amsawa da Turanci da Malay, tana cewa ita dai Allah ya haɗa ta da jikoki masu bakin aku.

Ina 'yar shekara goma, wata rana ta ce, "Yau ba tatsuniya ba ce. Labarin kakanku ne, Malam Sani kafinta, ku buɗe kunne."

Ta ce a zamanin Turawa akwai wani Bature mai jirgin sama na katako, na gasa, mutum ɗaya yake ɗauka. Fukafukansa sirara ne, sun fi gangar jikinsa tsawo nesa ba kusa ba. Cikinsu haƙarƙari ne na siraran itace, an lulluɓe gaban da fallen katako mai kaurin farce, bayan kuma da yadi. Ba shi da inji. Mota ke jan sa da igiya har ya ɗaga, daga nan matuƙin ya nemi inda ungulaye ke shawagi ya bi su, iskar zafi ta yi ta hawa da shi.

Ana saura kwanaki gasa, jirgin ya sauka a gonar dawa, fiffike ɗaya ya karye. Kayan gyara kuwa sai an yi watanni kafin su iso daga Turai. Aka kira kakanmu. Ya ƙi taɓa ƙusa. Ya fere bakin katakan biyu a karkace, doguwar fira, har suka kwanta a kan juna kamar tafin hannu biyu, ya manne su da gam ɗin Baturen, wanda da nonon saniya ake yin sa. Jirgi ya tashi, Bature ya ci kofi. Da aka zo ɗaukar hoto, kakanmu yana riƙe da bakin fiffiken da ya gyara, sai aka ce masa, "Kafinta, matsa gefe."

A nan na fashe da dariya. "Tak boleh lah, Kaka, ba zai yiwu ba. Plane babu engine, kuma da nono? Da fura aka dama?"

Baba yana daga falo, shi ma ya yi dariya. "Inna, ki rufe musu da ƙurunƙus mana."

Ta dube shi, ta dube ni. "To, 'yan boko," ta ce. Ta juya masararta. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyin kura da zomo har ta koma gida, amma ba ta sake ambatar jirgin ba. Shekara uku bayan nan ta rasu.

Ina aji biyu a jami'a, a nan Kuala Lumpur, ina karatun injiniyan jiragen sama, malaminmu ya haska mana zanen wani tsohon jirgin gasa na katako. Ya yi bayanin haƙarƙarin, da yadin, da haɗin karkace da ba a sa masa ƙusa, da gam da ake yi daga madara. 'Yan aji suna ta rubutu, ni kuwa na ajiye alƙalamina. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta riga ta ba ni wannan darasi kaf, babu kuskure ko ɗaya, na saka mata da zancen fura.

Ina fitowa na kira Baba. Na tambaye shi wane gari ne, wace shekara, me kakanmu ya yi bayan an kore shi daga hoton. Ya ce, "Wallahi ban taɓa tambayarta ba."

Har yau raina yana ɓaci idan na tuna Baturen nan, kuma ban yafe masa ba. Amma shi baƙo ne, ko sunan Malam Sani wataƙila bai riƙe ba. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san abin da hannun kakanmu ya yi. Ta ɗauko labarinsa tun daga Najeriya har hawa na sha huɗu don ta damƙa wa jininsa, sai ɗansa da jikarsa suka sake ce masa ya matsa gefe.