Sarjan da ya tuɓe wa sojojinsa takalma

Ran Laraba da hantsi, ina kan keke ina ɗinki, Ado direba ya tsaya bakin rumfata ko sallama bai yi ba, hularsa a hannu. Ya ce, "Baba Bubakar, Sarja ya cika jiya da la'asar, a Tanda." Ƙafata ta ci gaba da taka keken ita kaɗai har allura ta karye. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Shekara shida ke nan da Alfari ya rasa galarsa, wato alamar muƙaminsa na soja, amma har ya bar duniya ba wanda ke kiransa da wani suna a Gaya sai Sarja. Ni na ɗinka masa galar nan a hannun riga, ni kuma na warware ta, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Ɗan Tanda ne. Ubansa manomin shinkafa, uwarsa Basarkiya, ƴar masu ruwa. Tare muka yi aji uku a lekol, makarantar boko, ni na kama allura, shi aka ɗauke shi soji. Bayan shekara goma sha huɗu ya dawo da galar sarja da tabon harsashi a cinya. Aka danƙa masa sojoji goma sha biyu a barikin Gaya, yawancinsu ƴan tudu daga wajen Tawa da Konni, waɗanda ba su san wani ruwa ba sai na rijiya. Ado na cikinsu.

Aiki da shi ba daɗi. Kullum da safe sai ya jera su ya duba tafin ƙafar kowa, yana zagi. Amma ba ya sa hannu a akushi sai na ƙarshensu ya ƙoshi. In ɗaya ya yi laifi, shi ke tsayawa gaban ajidan, hafsan da ke sama da shi, ya sha faɗan, daga baya ya ja mai laifin bayan ɗaki su gama tsakaninsu. Yakan ce mini, "Ɗan allura, sarja uwa ce, gashin baki kawai Allah ya ƙara mata."

A shekarar 1953, tun ba a yi gada ba, aka ce su ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil don faretin tarbar wani babban baƙo. Watan Janairu ne, lokacin da Kwara kan kawo ruwa, kogi ya cika ya yi baƙi. Sabon ajidan, Banasare, bai fi wata uku da zuwa ba, ya ba da umurni: kowa ya shiga jirgi da takalminsa a ɗaure, jaka a baya, ɗamara a ƙugu, don su sauka a can cikin shiri, kada baƙo ya ga sojoji ƙafa tsirara kamar ƴan dako.

To, duk wanda ya girma a bakin ruwan nan ya san ƙa'idar Sarkawa. In kogi ya kawo, ba a shiga jirgi da abu ɗaure a jiki. Mace ma kwance goyonta take yi ta riƙe a cinya. Alfari ya dubi ruwan, ya dubi yaransa. Ya ga Ado ya kafe idonsa a kan igiyar ruwa. Ya san nauyin takalmin soji in ya sha ruwa, don ya taɓa ganin abin da ya yi wa maza a wani kogi can ƙasar yaƙi, bai kuma taɓa son faɗin ko su nawa ba ne.

Ya sara wa ajidan, ya ce, "Mon ajidan, za su tuɓe. In mun sauka, minti biyar ya ishe su ɗaurawa."

"Ba shawara na nema ba, sarja. Umurni na bayar."

"Na ji umurni. Cikin sha biyun nan, goma ba su iya iyo ba."

"Jirgin zai kife ne?"

"Sai a tambayi kogi, mon ajidan. Ba ya ƙarƙashin kumandan."

Mutanen da ke mashigi suka juyo suna kallo, har masu wankin kaya. Ajidan ya yi ja kamar gauta, ya ce in ya sake magana, galarsa ta tafi. Alfari ya juya ga yaransa ya daka tsawa: "Takalma a wuya! Jaka a ƙasa tsakanin ƙafafu! Kai Ado, jira kake uwarka ta zo ta kwance maka?" Suka tuɓe. Shi ya shiga ƙarshe, shi ma ƙafa tsirara, ya zauna kusa da wanda ya fi tsoro.

Suka ƙetare lafiya lau. Jirgin ko girgiza bai yi ba.

Kwana goma sha biyar ya yi a kulle a kaso. Da ya fito, kumandan, shugaban barikin, ya yi masa tayi: ya tsaya gaban yaransa ya ce ya yi kuskure, a bar masa galarsa. Alfari ya ce in ya faɗi haka, ran da za su shiga ruwa ba shi, da takalma za su shiga. Daga ofis rumfata ya nufo, ya jefa mini rigar a kan keke.

"Kai ka ɗinka, kai za ka warware. Ba zan bari su ɓata mini riga da wuƙa ba."

Na warware ina hawaye, shi yana cin goro yana yi mini dariya. Ba a daɗe ba ya bar soji, ya koma gonar ubansa. Mutane suka yi ta cewa ya yi asarar banza, tunda ba abin da ya faru. Matarsa Kadi ma ta faɗa, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Amma duk kaka sai ka ga wani cikin sha biyun nan ya sauka a Tanda, yana taya shi yankan shinkafa, Sarja na tsaye a kan kunya yana zaginsa.

Sati biyu da suka wuce ya shigo cin kasuwa. Ya rame, tari ya ci ƙarfinsa, amma ya ƙi zama a kujera, sai a kan buhun ƙyallaye kamar kullum. Na jawo aljihun keke na nuna masa galar, tana nan naɗe cikin takarda.

"Har yanzu kana ajiye da tsumman nan?"

Na ce, "Alfari, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa nadama ba? Jirgin fa bai kife ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"To da so kake ya kife don in yi gaskiya? Sha biyu na shiga da su, sha biyu na fita da su. Mai da abinka aljihu, ɗan allura. Sai wata kasuwar."

Na ce, "Allah ya kai mu, Sarja."