Ajuma mai hoto da rumbunta biyu

Ranar da ruwan farko ya sauka a Tibiri, ƙasa na ƙamshi, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona, sai maƙwabciyata Ajuma kaɗai na gani a shagonta ta haɗa tagumi.

Ajuma mai hoto ce. Tun tana budurwa take ɗaukar mutanen garin nan, na suna, na biki, na katin ɗan ƙasa, kuma ba ta taɓa goge ko ɗaya ba. Duk suna cikin ordinatarta, wato kwamfuta. Wanda uwarsa ta rasu, wurinta yake zuwa a fitar masa da fuskarta. Ni ma hoton marigayiya matata Shatu can yake.

Da faifan ajiyar na'urar ya cika, Hakim mai gyara ya zo daga Dogon Dutsi da wani babba, ya juye komai ciki. Yana sauri kada mota ta bar shi, ya ce ta rufe akwatin na'urar ta kunna. Ita kuwa ɗiyar manoma ce. A gidansu ba a rushe tsohon rumbu sai sabo ya ga damina. Sai ta mayar da tsohon faifan cikin akwatin, kusa da sabon.

Ta buga lambar sirri, na'ura ta yi mata maraba, ta koro ta waje. Ta sake, haka. Ta yi ta yi.

"Baba, sun tahi," ta ce mini. "Duk mutanen garin ga sun tahi."

Na ce, "Kira yaron nan tukuna, ɗiyata."

Ta kira shi, ta buɗe murya ina ji.

"Yaya Ajuma, ina kika aje tsohon?"

"Yana ciki mana! In yar da shi?"

Dariya Hakim ya yi har da tari. "Tagwaye kika ba na'urar, riga iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ta rasa wanda za ta bi!"

"To kai da bakinka, mi ya hana ka hwaɗi?"

Washegari ya iso a kan kabu-kabu, taɓo har gwiwa. Ya sake juyewa, ya zare tsohon ya damƙa mata a hannu, sannan ya kunna. Ta buga lambar. Allo ya buɗe, bai kore ta ba! Ta rangaɗa guɗa har masu dawowa daga shuka suka leƙo da fartanyunsu. Wannan ya ce a nuna masa kakansa, waccan ta ce bikinta. Amma hoton Shatu Ajuma ta fara nemowa, da kallabinta mai ruwan goro.

Tsohon faifan bai tafi ko'ina ba. Ta naɗe shi da zane ta sa cikin ƙwarya ta rufe. Ajuma na nan a shagonta bakin kasuwar Tibiri, tana ɗaukar hoto.