Bari-in-yi da Allurar Ofis

A ofis ba mai kiransa da sunan yanka. Bari-in-yi ake ce masa, don ko ruwa ka miƙa masa sai ya ajiye ya je ya ɗebo da kansa. Matarsa tun tana amarya ta haƙura da haɗa masa shayi.

Aikinsa rubuta manhajar wani kantin magani, sashen da ke tura wa masu saye saƙo ta waya. Halin nasa kuwa ya bi shi har cikin aikin. Duk sashen da ya rubuta, sashen da kansa yake zuwa ya buɗe rumbun bayanai inda lambobin masu saye suke, makulli a ƙugu kamar mai gadi.

Shugabarsu ta yi magana har ta gaji. Ta ce ba sashe ne ke zuwa neman rumbu ba, daga waje ake miƙa masa, ranar gwaji a ba shi na bogi, ranar aiki a ba shi na gaske. Allura suke kiran wannan tsari. Bari-in-yi ya ce shi ko a asibiti sai an danne shi ake yi masa allura, balle a ofis. Ya ci gaba da abinsa.

Ranar gwaji aka miƙa rumbun bogi mai lambobin ƙarya, aka ce ya rubuta kowane irin saƙo. Sai ya rubuta abin da ya daɗe yana cinsa: “Surukata ta cika surutu.” Ya danna yana murmushi. Sashen nasa ko kallon na bogin bai yi ba, ya zarce rumbun gaske ya aika wa kowa.

Surukar kuwa a kantin take sayen maganin hawan jini. Duk saƙon da ya shigo, maƙwabciya take kai wa ta karanta mata, tana alfahari cewa aikin mijin 'yarta ne.

Na ofis mai sauƙi ne: ya sha faɗa, ya karɓi allura ba gardama. Na gida kuwa, karon farko a rayuwarsa ya aiki wani, kawunsa ya je ba da haƙuri. Surukar ta ce ba komai.

Amma tun daga ranar, tsohuwar da kan tsare shi da labarin ciwon gwiwarta har ƙafarsa ta yi tsami a durƙushe ta yi gum. Shirun ya dame shi, har kewar gwiwar ya fara yi. Rannan ya kasa daurewa ya ce, “Mama, ya jikin?”

Ta juya ta dubi 'yarta. “Gaya wa mijinki da sauƙi.”