Ƙusar Bayan Ƙofa

A layin 'yan gwanjo babu wanda bai san Uwar Ragi ba. Tun tana budurwa take sarar riguna tana sayarwa, kuma ba a taɓa jin ta yabi kaya kafin ta biya ba. Za ta juya riga ciki waje, ta leƙa hammata, ta taɓe baki, ta yi tayin rainin hankali, sannan ta saɓa jaka ta kama hanya ko waiwaye babu. Kafin ta kai bakin layi sai ka ji, "Dawo, Uwar Ragi, na sallama!" Da wannan tafiyar ta ciyar da yaranta, har ta yi ɗan tari.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne zaman haya. Shekara da shekaru suna cunkushe a ɗaki biyu, ita da mijinta direban bas da yara, ga mai gidan ya hana a buga ko ƙusa ɗaya a bango. Jakarta ma a gefen katifa take kwana.

Sai ga labarin wani tsoho zai sayar da gidansa ya koma wurin 'yarsa. Kuɗin da ya sa ya fi abin da ke hannunsu, kuma an ce wani mai shago ya sa wa gidan ido. Ranar da za su je dubawa, tun a hanya ta ja wa mijin kunne.

"Baban yara, na san halinka. Kada ka washe baki, kada ka ce ma sha Allah. Idan na juya, ka juya."

Suna shiga zuciyarta ta hau tsalle. Tsakar gida mai faɗi, bishiyar lemo, ɗakin girki da taga har biyu! Nan take ta hango inda za ta shanya kayan gwanjo, da ɗakin da babbar 'yarta za ta samu ita kaɗai. Daɗi kamar ya kashe ta, amma ta haɗe rai. Ta shiga uwar ɗaka ta fito, ta ƙwanƙwasa bango, ta murɗa famfo, sannan ta dubi tsohon.

"Baba, ai rufin nan ya gaji. Ƙofar ma kuka take. Wannan sai dai a saya don taimako."

Ta yi tayinta. Tsohon ya dube ta kawai. Ta juya, mijin ya juya.

Ta taka a hankali, kunne a baya. Suka wuce mai faci, suka wuce shagon aski. Shiru. Suka kai kwanar layi, babu kira. Ba a taɓa barinta ta kai kwana ba a kira ta ba. Ta kai hannu kafaɗa za ta gyara jaka, ta ji wayam.

"Ina jakata?"

Mijin ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. "Tana bayan ƙofar uwar ɗaka. Da idona na ga kin rataye ta, kamar ɗakinki!"

Ita da ta hana kowa washe baki, hannunta ya tona mata asiri. Haka ta koma, kunya kamar ta nutse.

Tsohon na tsaye a ƙofar ɗakin yana kallon jakar.

"'Yata, kin ce gidan ya gaji, sai ga shi kin tare tun ba ki biya ba." Ya shafa ƙusar da jakar ke rataye a kai. "Ni na buga wa marigayiya matata wannan. Nan take rataye tata. Masu dubawa sun zo da yawa, kowa yabo yake, amma babu wanda ya lura da ita." Ya juyo. "Bar tayin kasuwa. Tsakani da Allah, nawa ne a hannunku?"

Mijin ya dube ta. A tsawon rayuwarta ba ta taɓa faɗa wa mai kaya iyakar kuɗinta ba. Ta faɗa duka, ba ta ɓoye ko sisi ba.

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

Mijin ya saki ma sha Allah ɗin da ya riƙe tun safe, da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa dariya da hawaye suka haɗe mata. Ya miƙa hannu zai ciro mata jakar, ta buge hannun.

"Bar ta nan, Baban yara. Ta gaji da kwana a katifa."