Ihun da Aka Yi wa Autana a Bakin Lambun Inabi

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami ni ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ranar da aka yi zaman sulhu a zauren mai gari, ga waɗanda ke wurin: mai gari da kansa, liman, ƙanen marigayi mijina, mai lambun inabi da yayansa, dattawan ƙauyen da suka zo shaida, autana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafar da aka ɗaure, sai ni daga bakin ƙofa, don mace ba ta shiga tsakiyar maza. Na jero su ne don ko bayan raina a san a gaban su wa aka ce in yi shiru.

A lokacin ina sayar da tuwo a bakin iyakar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke tsayawa kafin su tsallaka. Na tsufa a wurin. Ba ni da yawan dariya, kuma idona ba ya barin abu ya wuce. Ina kallon direba na san ko da gaskiya ya ɗauko kayansa. Autana kuwa aikin soja ya sa a ransa. An gaya masa gudu ne ke kayar da samari a wurin ɗauka, sai ya kama fita kullum bayan sallar asuba yana gudu a bakin kwalta. Wata safiya motar 'yan fasa-ƙwauri da aka biyo ta kusa kwashe shi, har ya faɗa kwalbati. Ni na hana shi titi. Na ce ya bi hanyoyin gona: ya fita ta wajen ƙauyen Kusa, ya ratsa gero da dawa, ya tsallake rafi, ya zaga ta lambuna har ƙauyen da aka haife ni, sannan ya juyo. Na ce can jininsa ne, babu mai taɓa shi.

Ya ji daɗin hanyar ƙwarai. Yakan dawo jiƙe da zufa yana ba ni labarin yashin rafi mai cinye ƙarfin ƙafa, da hawan da ke bayan tsamiya, da matan bakin rijiya masu tsokanarsa suna tambayar wace ce ta koro shi tun da sassafe haka. Abin da na manta, ni da na san ƙauye ciki da bai, shi ne a wurinmu babban mutum ba ya gudu haka kawai. Ko an biyo shi, ko ya ɗauko abin wani. Kuma tun da ɓarayin daji suka addabi yankin, ƙauyukan suka yi wa juna alkawari: in aka ji ihu, kowa ya fito da abin da ke hannunsa, tambaya sai daga baya.

A kan hanyar akwai lambun wani magidanci da ya samo irin inabi daga kudu, ya kafa masa rumfuna na itace da waya, abin ya yi kyau har daga wasu garuruwa ana zuwa kallo. Ya san yarona sarai. Sojan Inna yake ce masa, yakan tsayar da shi ya tsinko masa inabi ya ce ya kai mini. Wata safiya yaron ya ɓullo ta bayan rumfunan ya tarar ana ɗaure jarkokin mai da buhun burodi a kan babura, masu baburan sun rufe fuska da rawani, mai lambu na tsaye a kansu. Suka haɗa ido da mai lambun. Da ya dawo ya gaya mini, na ce ya kama bakinsa, ƙila masu tsallaka mai ne zuwa Nijar, wannan kuwa sana'ar rabin gari ce. Na ƙara da cewa kada ya sake hanya, kada mutumin ya zaci an tsorata ko an kai ƙararsa. Wannan shawara tawa ita nake tunawa duk sanda na ga yadda ɗana ke tashi daga tabarma.

Ba a yi mako ba. Rana ta fito, gari ya waye sarai, yaron ya zo wucewa ta lambun har ya ɗaga hannu zai gaishe da mai lambu, sai mutumin nan ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu, wai ga infoma, ga mai kai wa ɓarayi rahoto. Shi kuma ɗana da ya ji ihu a bayansa bai san da shi ake ba, ya zaci ɓarayi ne suka shigo, sai ya ƙara mai. Wanda ke gudu ana ihu kuwa ai ya gama amsa laifi. A yashin rafi suka cim masa. Gora suka sa masa a gwiwa, har sai da wata tsohuwa da ta san uwata ta faɗa kansa tana kiran sunan kakansa. A amalanken shanu aka kawo mini shi. Asibiti suka yi nasu, mai ɗori ya yi nasa, duka maganarsu ɗaya: zai taka, amma gudu ya ƙare.

Ƙafar ba ita ta fi ci mini rai ba, sunan ne. Direbobin da suka shekara suna cin tuwona suka koma rumfar gaba. Na ji da kunnena wata na nuna ni tana cewa ga uwar infoman can. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san wannan suna kashe mutum yake yi, ko yau ko wata rana a kan hanyar kasuwa. Shi ya sa a zauren mai gari abu ɗaya na nema. Mai lambu ya sunkuyar da kai ya ce kuskure ne, bai gane yaron ba, ya ajiye goro da kwandon inabi, ya ce zai ɗauki nauyin magani. Liman ya yi doguwar nasiha kan haƙuri. Ni kuwa daga bakin ƙofa na ce ranka ya daɗe, a fili aka ɓata yaron nan, a fili nake so a wanke shi. Wanda ya iya ɗaga murya ya tara gari, ya sake ɗaga ta. Mai gari ya ce haba baiwar Allah, ba a tozarta magidanci a gaban iyalinsa, abin da aka faɗa a zaure ya wadatar. Ƙanen mijina ya miƙa hannu ya karɓi goro, aka shafa fatiha. Maganar jarkoki ban tayar ba, don yaron ya roƙe ni da girman Allah, yana tsoron abin da zai biyo baya. Da za a watse mai lambun ya rusuna ya ce Inna a yafe, sannan ya dubi ɗana ya ce Allah ya ƙara sauƙi, soja. Har da ɗan murmushinsa.

Iyaye 'yan'uwana, in ɗanku zai bi hanyar ƙauye da wata sabuwar al'ada, ko gudu ne ko me, ku kama hannunsa ku kai shi gaban mai gari da masallaci a san fuskarsa da dalilinsa. Kada ku ce ai garinmu ne. In kuma ya ga abin da ba a so a gani, ku ɗauke ƙafarsa daga wurin a ranar. Ku kuma masu fitowa da gora in an yi ihu, ku sani wanda ya fara buɗe baki ba lallai shi ne mai gaskiya ba. Abin da na yi bayan zaman nan ban ce wata ta kwaikwaya ba, don da Allah bai tsare ba da jini ya zuba a wuyana. Amma in na ce na yi nadama na yi ƙarya.

Washegari da na idar da sallah na ɗauki sandata na bi hanyar yaron da ƙafata, ta cikin gero, ta yashin rafi, har bakin lambu. Na tarar da mai lambun a ƙarƙashin rumfa shi da 'yan ƙwadagonsa. Na cire mayafi na ɗaure ƙugu, na ɗora hannu a ka, na kwarma ihu iya ƙarfin tsufana. Kafin in sauke numfashi ƙauye ya fito, da gora, da adda, da bindigogin mafarauta, ana ina suke, ina suke. Na miƙa sanda na nuna shi. Na ga sun kewaye shi, na ga ya zube kan gwiwoyinsa yana Inna, Inna, ki dubi Allah. Wallahi na ɗan dakata ina kallo, kuma ya yi mini daɗi. Sannan na matsa kusa da kunnensa na ce maganar jarkoki na kan harshena, ban san na wa ba ne, amma su waɗannan ba za su tsaya bincike ba, ya zaɓa. Nan take ya ɗaga murya ya ce ya san yaron, ƙarya ya yi masa, ba infoma ba ne. Na ce na baya ba su ji ba. Ya maimaita. Na ce ya faɗi sunan yaron da na ubansa da na kakansa, ya faɗa yana kuka. Wani saurayi ya ɗaga gora, na tare shi da sandata na ce kada wanda ya taɓa shi, da ƙafafunsa biyu nake son shi, ya riƙa shiga kowace kasuwa ana nuna shi. Na kwance mayafina na yafa, na juyo gida a hankali.