Wanda Ya Ɗaura Birki

Jiya na raka jikana gareji a canja wa motarsa birki. Warin man birkin na bugun hancina, sai ga marigayi Kawu a idona, da jar dararsa da goro cike da kunci. Shi ne mai akori-kurar da nake ja daga Kibiya zuwa Kano da buhunan gyaɗa da fasinjoji, lokacin da Turawa ke haramar tafiya.

Maganarsa ɗaya ce: "Wanda ya ɗaura birki, shi zai fara ɗanɗana shi."

Wata rana a Rano, wani bakanike ya ce ya gama mana aikin birki. Kawu ya sa shi ya jingina da katanga, ya ce in ja baya, in taho da gudu, in tsaya a gabansa.

Na ce, "Kawu, rai ne fa."

Ya ce, "Na mutanen da kake ɗauka fa, na kaji ne?"

Na taho. Ban kai rabi ba mutumin ya zube yana kuka: "Alhaji, ban fitar da iska ba, kuma gefe ɗaya na canja." Na taka birki, ƙafata ta nutse kamar cikin kunu. Da ƙyar na kauce, na afka wa darnin maƙwabta.

Kawu ya tofar da goro, ya dubi ƙasar da ta jiƙe a ƙarƙashin mutumin. "Je ka wanke wandonka, ka dawo ka sake."

Ban taɓa ƙaunar Kawu ba, amma har na ajiye tuƙi ban binne fasinja ko ɗaya ba. Allah Ya yi masa sassaucin da shi bai iya yi wa kowa ba.