Geron Bulus da Gambar Iyaka

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Doguwa, tun Turawa ba su tafi ba, kakarmu Iya Tabawa kan tara mu a bakin murhu bayan sallar isha'i, muna gasa tumu tana zuba mana tatsuniya. Babanmu ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa ido da ido. Amma fa tsohuwar nan ba ta rasa dabara.

Wata shekara Baba na rigimar iyakar gona da maƙwabcinmu Bulus, Bamaguje da ya shiga Kiristanci. Sai zazzaɓi ya kwantar da Bulus, ga geronsa ya nuna, birai na ta ɓarna. Duk gidan mun ji Baba na cewa gobe zai tumɓuke ciyawar gamba da ta raba gonakin ya matsar da ita.

Ranar Iya ta ɗaga murya fiye da kullum, Baba kuwa na ƙofar ɗakinsa yana jan carbi. Ta ce yau ba tatsuniya ba ce, labari ne da kakanmu ya jiyo da ya je Makka a ƙasa. Wai a can gabas sarkin Musulmi da sarkin Kiristoci sun daɗe suna gwabzawa a kan wani birni mai alfarma. Ana nan ciwo ya kayar da na Kiristocin. Fadawa suka ce a far masa yanzu. Sarkin Musulmi ya ƙi, ya aika masa da mai maganinsa da ruwan sanyi. Har da fura da nono, amma wannan na tabbata ƙarin Iya ne.

Na tambaye ta ko sun shirya ke nan.

“Shiri kuma, ja'iri? Yana warkewa suka koma fagen fama. Mutumin da ya iya ja da kai a tsaye, ai abin kunya ne ka same shi a kwance.”

Muka ji ƙarar carbin ta tsaya.

Da safe Baba ya kira gayya. Muka girbe geron Bulus tas, muka kai masa dammunan har rumbu, ba wanda ya taɓa gambar. Da Bulus ya miƙe ya zo godiya da zakara a hammata, ya ce, “Malam, maganar iyaka fa tana nan.”

“Dama kai nake jira,” in ji Baba. Iya ta yi dariya har da tari.

A lokacin na ɗauka abokin faɗa maƙiyi ne, sai da na girma na yi nawa rigingimun na gane bambancin. Shekara da shekaru Baba da Bulus suna jeka-ka-dawo gaban dagaci, kuma ranar da Baba ya rasu Bulus ne ya riga kowa isa maƙabarta da maginin haƙa kabari a kafaɗa. Gambar tana nan inda take har yau.